Tsohon da Ke Zama Jikin Ginshiƙi

Ba zan taɓa mantawa da kasafin kuɗin farko da na karanta a gaban majalisa ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Yerwa ba za su bari ba. Har yau akwai tsofaffin da idan muka haɗu a wurin jana'iza sai sun ɗan kawar da kai suna danne dariya, ga gawa a gabanmu.

Lokacin ana ta zancen jirgin ƙasa zai iso Maiduguri, ni kuma na baro Kano da takardar midil da hula sabuwa da girman kai buhu guda. Na samu aikin akawu a wata majalisar gari (ba zan kira suna ba, jikokinsu suna nan da ransu), na kama ɗaki a unguwar Gwange. A ofis ba wanda ya damu da sunana, Afuno kawai ake ce mini, wato Bahaushe. Ni kuwa a raina gani nake na zo in waye musu kai ne.

Babban akawunmu shi ne Mala Bukar, mutum mai ƙarancin magana wanda ko dariya zai yi sai ya duba agogo. Shi ya koya mini yadda ake haɗa kasafi. Ƙarshen damina kowane sashe yake kawo buƙatunsa: rijiyoyi, ɗakin shan magani, ƙarin aji a elementare, rumfunan kasuwa, magudanar ruwa. A ɗaya gefen kuma ga abin da ake sa ran samu daga haraji da jangali da kuɗin kasuwa, wanda bai taɓa isa ba. Abin da bai samu shiga bana ba sai a tura shi cikin tsarin shekara biyar. A takarda abin gwanin sha'awa, gidaje biyar a jere, kowace shekara da nata. Sai daga baya na gane shekara ta biyar ɗin nan ba ta zuwa. Kowace shekara a sake tsarin, ita kuma ta ƙara matsawa gaba, kamar ka bi inuwarka da gudu.

A wannan gida na biyar akwai wani layi da ya riga ni zuwa ofishin da shekaru: katangar tsohuwar maƙabarta. Na san wurin, don ta gefensa nake bi kullum. Fili ne buɗe, jakuna da shanun fatake suna ratsawa ta kan kaburbura, da damina ƙasa ta burma, karnuka su yi ta tone-tone. Na tambayi Mala Bukar inda zan sa katangar bana, ya ce in sa ta inda na same ta. Bana akwai sabon rufin kwano na ofishin akawuna, kuma ba za a iya yin biyun ba. Ni da ruwa ke ɗiga a kan tafiretata, ban yi musu ba.

A zaman kwamiti na farko na fara ganinsa.

Zauren majalisar dogo ne, mai duhu ko da rana tsaka, tagoginsa ƙanana, itatuwan dalbejiya sun rufe su. Can ƙarshe, jikin ginshiƙi, wani tsoho yana zaune a ƙasa, ba tabarma. Fararen kayansa sun koɗe, bakin rigar duk jar ƙasa. Bai yi magana ba, bai yi tari ba, ko ƙuda bai kora ba. Idonsa a kan takardun da ke gabana.

Da farko na ɗauka mai ƙara ne yake jiran a tashi. Amma sai na lura da wani abu. Duk wanda ya shigo sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da "wushe, wushe", gaisuwar Barebari da ba ta ƙarewa, amma idan ya zo daidai ginshiƙin sai ya sunkuyar da kai ya wuce kamar ba kowa. Masinja ya zagaya da ruwa, ya ba kowa har ni, ya tsallake tsohon. Da aka tashi na fita neman takalmina a bakin ƙofa, kowa ya sa nasa, ba ragowar ko ƙafa ɗaya. Na waiwaya cikin zauren, wayam, ba kowa jikin ginshiƙi. Sai wani ƙamshi da ya rage a wurin, na kafur, irin wanda ake sa wa likkafani.

Washegari na daure na tambayi Mala Bukar wane ne tsohon nan. Alƙalaminsa ya tsaya cak. Bai ɗago ba ya ce, "Afuno, ba a maganarsa a nan. Yi aikinka."

To, jama'a, ku a matsayina me za ku ɗauka? (Kada ku amsa, na san yanzu kowa jarumi ne.)

Zama na biyu yana nan. Na uku yana nan. Kome sammakona sai in tarar ya riga ni, kuma ban taɓa ganin shigarsa ko fitarsa ba. Ana ta cacar baki a kan rijiya, wannan Bulama yana cewa unguwarsa ta fi ƙishi, wancan yana rantsuwa matan unguwarsa har bakin kogi suke zuwa, a juya harshe zuwa Barbarci a dawo Hausa, shi kuwa ko gezau. Amma da zarar hannuna ya taɓa takardar tsarin shekara biyar sai in ji idonsa a wuyana.

Na kai ƙarshen wautata ranar da na ba mai abincinmu labari, wata dattijuwa mai suna Ya Falmata da ke sayar da burabusko a bakin layinmu. Ban ce mata a ofis ba ne, na ce wai wani abokina ne yake ganin wani farin tsoho da ba mai ganinsa sai shi. Ta ajiye ludayi ta dube ni da kyau, ta ce abokin nan nawa ya binciki kansa, don mutanen ƙasa, wato matattu, ba sa tasowa haka kawai sai an taka su. Ranar ban iya cinye abincina ba.

Daga nan na haɗa lissafina tsaf. Jar ƙasa, kafur, ba takalmi, ba ya shan ruwa, ba mai ganinsa. Kuma wa ya buga layin katanga a gida na biyar da yatsunsa? Ni. Na daina bi ta gefen maƙabarta, na riƙa zagaye mai nisa cikin rana har tafin ƙafata ya yi kanta. Na samo laya wurin wani malami a unguwar Dala ta nan Yerwa na cusa cikin hula. Na rame, wandona ya fara zamewa. Tsoro nake ji na gaske, irin wanda ke sa mutum ya ji bakinsa yana ɗaci, kuma kunya ta hana ni gaya wa kowa, don kada a ce ɗan boko yana ganin fatalwa.

Sai ga ranar karanta kasafi a gaban cikakkiyar majalisa. Mala Bukar ya tashi da mura, muryarsa ta dushe, aka ce Afuno ya karanta, ai Hausa tasa ce. Zaure ya cika maƙil da manyan riguna. Ma'aji, wato mai riƙe da baitulmali, yana zaune a tsakiya, dattijo mai kwarjini da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Bayan azahar ne, amma hadarin ƙarshen damina ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin har sai da aka kunna fitilar ƙwai a kan teburina. Iska tana kaɗa dalbejiya, taga ɗaya tana bugawa tana buɗewa.

Na fara lafiya lau. Na karanta abin da ake sa ran shigowa, na karanta rijiyoyi, aji, rumfuna, na karanta rufin ofishinmu da murya mai daɗi. Sannan na juya shafi. Na ce, "Katangar tsohuwar maƙabarta, an ɗage zuwa shekara ta biyar."

Tsohon ya miƙe.

Wata guda ina ganinsa, ban taɓa ganin ya motsa ba. Dogo ne ashe. Ya taho a hankali ta tsakiyar zauren, ƙafarsa ba ta ƙara, kuma duk wanda ya zo kusa da shi sai ya sunkuyar da kai ƙasa. Ƙamshin kafur ya riga shi isowa. Ya tsaya a gaban teburina, fitila tana haska ƙasan fuskarsa, ya miƙo hannu wajen takardar, yatsunsa suka taɓa bayan hannuna, sanyi ƙalau.

Abin da ya biyo baya, wasu sassansa ba ni na tuna ba, ba ni labari aka yi (kuma an ba ni shi sau da yawa, ba tare da na roƙa ba). An ce na kurma ihu da a'uziyya. An ce na ture kwalbar tawada ta malale a kan rumfunan kasuwa. An ce na tsallake benci na faɗa bayan kujerar Ma'aji na ƙanƙame babbar rigarsa, hulata ta faɗi, laya ta gangaro tsakiyar zaure kowa yana gani. Wannan duk da sauƙi. Abin da na tuna da kaina, wanda har yau idan ya faɗo mini sai na runtse ido, shi ne abin da bakina ya faɗa:

"Baba, ka yi wa Allah ka koma makwancinka! Wallahi ba ni na ɗage ba, ni bugawa kawai nake yi! Ga su nan, su ne suke ɗagewa duk shekara!"

Kuma na nuna su da yatsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda nake riƙe da rigarsa.

Tagar nan ta ci gaba da bugawa. Tsohon ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, sai ma kamar tausayi. Ya yi magana da Hausarsa mai nauyin Barbarci, a hankali.

"Yaro, ban mutu ba tukuna. Jira nake a yi katangar."

Wani daga baya ya fara dariya, ta maƙale masa a wuya. Ma'aji ya zare rigarsa daga hannuna kamar mai cire ƙaya, sannan ya yi abin da ban ga kowa ya yi ba tun zuwana: ya ɗaga kai ya dubi tsohon ido cikin ido. Ya gaishe shi da Barbarci, gaisuwa mai tsawo, ya kira shi Ba Fannami, wato Baba Fannami. Aka ɗage zaman zuwa gobe. Ni dai ban san yadda na isa Gwange ba, kuma takalmi ƙafa ɗaya na isa da shi.

Da safe na zo da niyyar karɓar takardar sallama. Mala Bukar ya sa ni a gaba da dusasshiyar muryarsa ya warware mini. Ba Fannami shi ke haƙar kabari da wankan gawa a tsohuwar maƙabarta tun yana saurayi, ga kafur ga jar ƙasa. Matarsa da 'ya'yansa duk suna kwance a wurin. Shi ya fara kawo kukan katanga, aka yi masa alkawari. Tun daga nan duk lokacin kasafi sai ya zo tun kafin a buɗe ƙofar gaba, ya shiga ta baya, ya zauna. Ya ce ba zai sha ruwan majalisa ba sai an cika alkawari, shi ya sa masinja ke tsallake shi. Idan an karanta layinsa sai ya taso a nuna masa da yatsa gidan da aka sa shi, don bai iya boko ba, ya ce Allah ya kai mu, ya tafi. Takalmi kuwa bai taɓa sawa ba a rayuwarsa.

Na ce to me ya sa ba mai kallonsa, ba mai gaishe shi? Mala Bukar ya daɗe yana juya alƙalami. Ya ce, "Da wane ido? Shi ya binne mahaifina. Rabin mutanen zauren nan shi ya binne musu iyaye."

Ba a kore ni ba, abin da har yau nake mamaki. Da aka koma zama, Ma'aji da kansa ya ce a ɗauko katanga daga gida na biyar a kawo ta bana. Aka tambaya me za a cire, ya ce rufin ofishin akawuna, kuma da ya faɗa ni ya kalla. Ba wanda ya yi gardama. Ni na sake buga shafin, ni na nuna wa Ba Fannami sabon gidan da yatsana. Masinja ya kawo masa ruwa ya shanye tas.

Damina biyu muka yi muna aiki da kwanoni a kan tebur suna tarar ɗiga, kuma duk ɗigon da ya sauka a kan wani sai ya juyo ya harare ni. Sunan Afuno ya ɓace, na koma Malam Ga-su-nan. Har da na yi aure daga baya, da wannan sunan dangin matata suka fara sanina.

An gama katangar kafin azumi, ta jan bulo, da ƙofar katako. Ba Fannami bai ga damina ta gaba ba. Na je jana'izarsa, na taya ɗaukar makara, kuma ni na ja ƙofar na rufe da muka fito, don kada jakuna su shiga.

Da kasafi ya zagayo aka sake ba ni karatu. Ina tsakiyar shafi na ɗaga kai, sai na ga rabin majalisa suna satar kallon gindin ginshiƙin nan. Shekara da shekaru mutum yana zaune a wurin ba mai iya dubansa, yanzu da ba kowa ido ya ƙi barin wurin. Tsigar jikina ta tashi fiye da ranar hadari.

Ni dai abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Wata guda na yi ina zagaye gari da laya a hula saboda mutumin da sallama ɗaya za ta raba ni da tsoronsa. Tun daga lokacin, duk ofishin da na shiga na ga wani zaune a gefe kowa yana kawar da kai daga gare shi, wurinsa nake fara zuwa in miƙa hannu. Har yau ban taɓa dacewa da fatalwa ba. Kullum sai in tarar wani ne da aka ce masa ya dawo baɗi.