Tafintan Baƙuwar Basirka

Duk faɗin Gwaram babu mai Turancin Malam Safiyanu, shi da kansa ya sha tabbatar da haka. A sakatariyar ƙaramar hukuma aikinsa jera fayil ne, amma in ya buɗe baki sai ka rantse a jirgin sama aka haife shi. Ko mai shayi da Turanci yake ce masa ya ƙara sukari. Abokan aiki suna kiransa Ƙamus, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Da labari ya zo cewa wata 'yar sa-kai daga Ghana za ta koya wa matan garin Basirka kiwon zuma, har da kyautar akwatunan kiwo na zamani, ba wanda ya naɗa shi tafinta. Shi ya naɗa kansa. Ya sa kwat a tsakiyar zafin bazara, ya tare ta a tasha, ya yi ta zuba mata Turanci har ba ta sami wurin faɗin komai ba sai sunanta, Ummussalma.

A Basirka mata suka cika gindin tsamiya, shugabarsu Inna Hawwa a gaba. Ƙamus ya gyara murya.

"Ku bayin Allah, ku natsu. Abin da za ta faɗa ya fi ƙarfin kanku, amma zan tauna muku shi."

Baƙuwa ta fara da Turanci, tunda hanyar da aka ɗora ta ke nan. Ta ce kowace amya sarauniya ɗaya gare ta. Ƙamus ya ce sarauniyar ƙasarsu tana gaishe su, kuma ta daɗe da jin labarinsa. Ta ce hayaƙi kaɗan yana kwantar da ƙudan zuma. Ya ce daga yau an hana su girki da ɗanyen icce. Ta ɗaga kakin zuma ta ce ana man shafawa da shi a sayar. Nan Turanci ya ɗan kuɓuce masa, sai ya ce magana ce ta manya, ba ta shafe su ba.

Ummussalma tana kallonsa, tana murmushi. Shi kuwa ya ga alamar an gamsu da shi, ya ƙara buɗe kafaɗa.

Aka zo kan akwatuna. Ta ce kowace mace za ta ajiye nata a bayan gida ko a gonarta. Ƙamus ya yi tari, ya ce baƙuwa ta roƙe shi, don Allah, ya adana su duka a lambunsa, saboda zumar zamani ba ta saba da marasa boko ba. Ran mata ya ɓaci. Wasu tun damina suke share wurin ajiya.

Sai baƙuwa ta ajiye takardarta, ta juya ga Inna Hawwa, ta yi magana da Hausa tas, irin ta zangon Kumasi inda aka haife ta.

"Inna, akwatunan naku ne. Yau kowa za ta tafi da nata. Sarauniya kuma ƙwaro ce, ba ta san shi ba."

Gumi ya tsattsafo wa Ƙamus ta cikin kwat. Inna Hawwa ta gyara mayafi, ta dube shi cikin ladabi.

"Malam, muna jira. Me ta ce?"