Kasetocin Baba Haladu da na zubar

Har in bar duniya ba na jin zan manta da ranar Asabar ɗin da na tsaya a tsakiyar falon mutane ina kwaikwayon kukan kaset, bayan na zubar da aikin shekara takwas na wani dattijo a shara.

Lokacin ina karatun adana kayan tarihi a Landan (a lura da wannan, don shi ne abin kunyar). Baba Haladu abokin marigayi mahaifina ne, a unguwar Woolwich suke da matarsa Hajiya Turai, kuma gidansu nake zuwa cin tuwo duk mako. Na san ya yi aikin kwamfuta da ƙuruciyarsa, wai yana rubuta wasanni tun ana jona kwamfuta da talabijin. Ban taɓa tambayar sa yadda abin yake ba. Ni ba mai tambaya ba ne. In na gaisa sai in nemi kusurwa.

Ciwon suga ya fara cin idonsa, za su koma ƙaramin sashe a hawa na ƙasa na wani bene. Hajiya ta ba ni kwali cike da kasetoci, ta ce in ware masu kyau, lalatattun in zubar, babu wurin tarkace.

Na ɗauki aikin kamar jarrabawa. Na goge rikoda da auduga, na saurari kowane kaset, na rubuta jeri da lamba. Akwai karatu, akwai wa'azi, akwai waƙoƙi. Sai wasu goma sha ɗaya masu jan ɗigo a jiki, babu komai cikinsu sai wani tsiwirwirin ƙara mai soke kunne. Na rubuta "lalatacce" a gaban kowanne. Na so in gaya wa Baba, sai na ga kada in ɓata wa marar lafiya rai. Don tsabar tsari ma sai da na kwance su, na zare zaren, na ware robar daban saboda masu kwasar shara.

Bayan sun tare, na je na tarar da baƙi, tsofaffin abokansa biyu. Ɗayan ya aro wata tsohuwar kwamfuta, sun jona ta da talabijin da rikoda. Baba ya ja kujera har kusan hancinsa na taɓa gilashin. Ya ce yana so ya ga wasansa na ƙarshe tun idon na gani, na wani mai kwalekwale da ke kauce wa dorina. Kamfanin da yake yi wa aiki ya rushe kafin a fitar da wasan, kuma kwafi ɗaya ya rage a duniya. Ya ce in miƙo masu jan ɗigo.

Maimakon in yi magana, sai na miƙa masa jerina. Ya sa gilashin ƙara girman rubutu, ya bi layi-layi har ƙasa. Ya tambayi yadda aka yi na san sun lalace, na ce ƙara kawai suke yi.

"Wace irin ƙara, ɗana?"

Ni kuwa, da ba na iya ɗaga murya a aji, na buɗe baki na yi ta. Doguwa siririya, sannan mai karkarwa. Har sau biyu, don kada a ce ban yi daidai ba.

Baba ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai. "Ka kama ta sosai," in ji shi. "Ta farkon kwamfuta ce ke shiri. Ta biyun shi ne wasan yake shiga."

Ashe a zamaninsu a kaset ake ajiye wasa, ƙarar ita ce rubutun. Hajiya ta tambaya a hankali ko kasetocin suna ɗakina. Na ce motar shara ta zo tun Talata.

Babu wanda ya yi min faɗa, da an yi da na ji sauƙi. Abokin da ya aro kwamfutar ya fara naɗe wayoyi. Baba ya ce a kashe talabijin, hasken na damun sa, sannan ya ce a zuba min tuwo. Na ci, don ban san yadda ake ƙi ba.

Kafin shekara ta zagayo idon ya tafi gaba ɗaya. Yanzu a ɗakin adana takardu nake aiki, kuma an san ni da tambayar da ke gajiyar da mutane. Duk abin da ya fi ƙarfina "ban gane ba" nake rubutawa a gabansa, in mayar cikin kwali. Abokan aikina na cewa na cika tara shara. Ba na musu.