Ranar da na yi wa sitiyari tausa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da sauran haƙorana za su bi 'yan'uwansu, da ranar da muka ɗauko jikata Ummi daga Paki za mu kai ta ɗakin mijinta a Kudan. Takwarata ce, sunana aka sa mata, don haka ni ce uwar tafiya, kuma na rantse kafin magariba tana ɗakinta.

Bari in gaya muku ko ni wace ce, kada dariyar ta wuce kima. Ni ungozoma ce, kuma mai tausa. Rabin mutanen unguwarmu a hannuna suka fara kuka. Wuya ya sanƙare, ƙugu ya riƙe bayan saran rake, wurina ake zuwa. Ban taɓa zama a aji ba, amma yatsun nan nawa sun san inda jijiya take kwana. Man kaɗe da 'yar citta su ne maganina, kuma ba su taɓa ba ni kunya ba. (To, sai ranar.)

Autana Sani, baffan amarya, ya yi sabuwar mota, a cikinta za a ɗauki Ummi. Ana jajibirin biki ya shigo yana yarfe hannu.

"Inna, sitiyarin nan ya ishe ni. Wani lokaci laƙwas, wani lokaci kamar ina jan dutsen niƙa. Ga wata 'yar fitila tana kamawa tana ɗaukewa."

Na ce, "Ka ba shi mai?"

Ya ce, "Irin wannan ba ta shan man sitiyari, Inna, da lantarki take aiki. Bayan biki zan kai ta Makarfi a sa mata na'ura."

A raina na ce, yaran zamani! Abu yana juyawa a ce ba ya son mai? Ƙyauren ɗakina yana so, keken ɗinki yana so, gwiwata ma tana so.

Da hantsi maza suka tafi ɗaurin aure, aka bar motar a buɗe ana loda kaya. Na narka man kaɗena, na zuba citta, na shiga na zauna a kujerar direba kamar gadona ce. Na laluba bayan sitiyarin har na samu wuyansa, inda akwai 'yar kafa. Na yi bisimilla na tsiyaya masa ludayi guda, na bi da babban yatsa na murza sosai, yadda nake yi wa manoma.

Da Sani ya dawo ya tayar da motar, sai ya ce, "Ikon Allah! Yau sitiyari ya saki da kansa."

Da na kama bakina a nan, da ba ku ji labarin nan ba. Amma Hajiya Talatu, gwaggon ango, wadda ta jagoranci masu ɗaukar amarya, tana tsaye tana hura hanci tun safe. Sai na matsa kusa da ita da sauran mata na ce, "Ba da kansa ya saki ba. Ni na gyara ta. A gidan nan ko mota ce ta yi ciwo ba ma fita da ita waje." Aka yi mini guɗa. Sani yana can bai ji ba.

Muka kama hanya, ni da Hajiya Talatu mun sa amarya a tsakiya, tana ta kuka cikin mayafi. Rana ta ƙwalle. Muna dosar Makarfi na fara jin ƙanshin citta, na yi kamar ban ji ba. Sani ya zo shan kwana, sitiyari ya ce bai san zancen ba. Ya danna da hannu biyu, yana salati, saura kaɗan mu hau tulin raken wani bawan Allah. Da ya tsaya, sai ga mai yana ɗiga, ɗis, ɗis, a kan gwiwar farar shaddarsa.

Aka kira makaniki, sai ga Ɗanlami. Uwarsa 'yar Paki ce, ni na yanke masa cibiya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, sannan ya jona wata 'yar na'ura a ƙasan sitiyarin ya duba.

Ya ce, "Sansa ce. Wata 'yar aba ce a wuyan sitiyari, ita take jin hannun direba, ta gaya wa injin lantarki ya taya shi juyawa. In wayarta ta yi sako-sako, sai ta ji yanzu, an jima ta kurumce. Shi ya sa yake saki yana kamawa."

Ya kwance murfin, ya leƙa, ya shinshina, ya sa yatsa ya lakato. Motocin rakiya duk sun tsaya, mata sun yi mana zobe.

Ɗanlami ya ce, "Wai wa ya yi wa motar nan wankan jego?"

Hajiya Talatu ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗaga murya yadda har mai rake zai ji: "Ai Inna ce ta gyara ta da safe. A gidansu ko mota ce ta yi ciwo ba sa fita da ita waje."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage. Sani ya juyo ya ce, "Inna!" Ɗanlami ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ya ce, "Iya, da waya ce kawai, da na matse ta kun wuce. Yanzu sansar ta ƙoshi da mai, sai na kwance na wanke ta. Yau dai a nan za ta kwana."

Na ji jikin Ummi yana jijjiga, na ɗaga mayafin don in lallashe ta. Ashe ja'irar dariya take har da hawaye.

Aka mayar da amarya motar dangin ango, wuri ya cike, ni kuwa aka ɗora ni gaban akori-kurar da ta ɗauko gara. Na miƙe wuya, na gyara gyale, ban kalli kowa ba. Ana shirin kiran magariba na zaunar da takwarata a bakin gadonta da hannuna, rantsuwata ba ta faɗi ba.

Bayan biki ina zaune a zaure sai ga Ɗanlami ya kawo motar, kansa a karkace kamar kaza mai kallon shirwa. Kwanciya a ƙarƙashin sitiyari ta sanƙarar masa da wuya.

Na ce, "Ɗan nan, in taɓa, ko sai an ɗauko na'ura?"

Ya ce, "Iya, ki yi wa Allah."

Da ragowar man nan na murza shi, ya yi ƙara ɗaya, wuya ya saki. Na kuma aika a gaya wa Hajiya Talatu.

Tun daga ranar na yi wa hannuna iyaka. Duk abin da in na danna zai ce wayyo, nawa ne. Wanda kuwa sai dai ya kunna fitila, na bar wa Ɗanlami.