Furen Lallen Malam Tukur

"An kwana lahiya? Ya ƙarin haƙuri, ɗiyar kawu?"

"Da godiya. Wane ne?"

"Kin san muryar. Ko kurumta kika ƙara a kan tsufa?"

"Wari na ji, ban tantance ba ko kai ne ko jakinka."

Hudu ne durƙushe a ƙofar ɗakin Sauda, asabari a tsakaninsu. A ƙauyenmu aka yi wannan, Garin Ilu, 'yan gidaje a bakin gulbi tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, a daminar da ta biyo bayan mulkin kai. Sauda takaba take yi. Mijinta Malam Tukur ya rasu da bazara, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Hudu taubashinta ne, ɗan ƙanwar babanta, saboda haka tun suna wasan ƙasa take kiransa bawanta, shi kuma bai taɓa amsawa ba. Dukansu sun haura sittin.

Tukur ya bar lambu a bakin ruwa, kewaye da lalle. Ganyen na ƙunshi ne. Furen kuwa Hudu ke ɗora wa jaki da sassafe, a kwando, an rufa masa jiƙaƙƙen tsumma, ya kai kasuwar Kurfi da gidajen ma'aikatan hukumar En'e a Dutsin-Ma, inda mata ke cusa shi a kitso da ƙarƙashin matashi. Ƙa'idar Tukur ce ba a fita da furen shekara sai an fara kawo wa Sauda damƙin farko. Bana lallen ya yi fure, mai takaba kuwa ba ta kusantar ƙamshi. Sauda ta toshe tagarta da tsumma, ta aika wa ɗanta Bilya, malamin asibiti a Dutsin-Ma, ya zo da masu gatari ran Asabar a sare lallen, a tone har saiwa. Wannan safiyar ta Juma'a ce.

Hudu ya ce, "Jakina jiya ya yi wanka a gulbi. Ke fa?"

"Yau Juma'a, zan yi. Mi ya kawo bawa gidan iyayengijinsa da hannu biyu babu komi?"

"Wa ya ce babu komi? Na aje kwando a zaure."



"Fitar da shi."

"A zaure na ce. Hancinki bai kai can ba, duk da Allah bai yi miki rowarsa ba."

"Ka fitar da shi, Hudu."

"Ashe ina da suna. Rabon da ki kira shi tun ran da na faɗa rijiya."

"Ran nan ma ce musu na yi su bar ka, su ceci gugar."

"To ga ni da rai, na zo da ƙara. Matar alƙali ta aiko, ta ce in makon nan ya wuce ba fure, sai ta sa an ɗaure ni."

"Da ta taimaki gari."

"Matar malamin gona ta ce maigidanta ya fara kwana a shago."

"Sai ta nemi sabulu."

"Ran kasuwa jakin nan ya kwance kansa, ya tafi Kurfi shi kaɗai, ya tsaya inda muke tsayawa. Da la'asar ya dawo kai a ƙasa. Har yau bai haɗa ido da ni ba."

"Ya fi ka kunya, dama na sani. Wa ya hana ku kai furenku? Ku tsinke ku kai. Gobe dai za a sare."

"Ba a fita da shi sai kin karɓi na farko."

"Mai dokar ya tafi."

"Bai ɗage ta ba kafin ya tafi."

Ta yi tsaki. "Ba ka san takaba nake ba? Ko a gidanku ba a koya muku addini?"

"A gidan kawuna na koya, shi ya sa ya zo da gyara. Amma na tambayi Liman."

"Kai? Kai da malam ya kora daga makaranta don kana lashe allo tun rubutu bai bushe ba?"

"Yunwa ce, kuma gidanku aka aje ni. Liman ya ce abin da aka hana ki shi ne ki shafa, ko ki sa a kitso, ko ki turara zane. Wanda iska ta kwaso daga gulbi ba ruwanki da shi. Ya ce in ba haka ba sai a kama iska a ɗaure ta a turke har ki gama."

"Liman ne ya faɗi maganar turke?"

"Turken nawa ne. Sauran nasa."

"Na ji. Allah ya saka wa Liman. Gobe dai za a sare."

Hudu ya gyara zama, ya zauna sosai a ƙasa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Sauda ta ce, "Wani abu ya karye?"

"Ƙuruciya ce ke motsi. Kada ki sa rai dai, ba wata magana ta kawo ni ba. Ko kin gama ba ni so. An yi mini tayinki tun kina da haƙora na ce a kai kasuwa."

"Kai ka ce? Baba ne ya leƙa rumbunku ya tarar da ɓera zaune yana kuka."

"Kukan ƙoshi."

"Da ka zo gaishe shi, wandon maƙwabci ka aro. Mai wandon na biye da kai har zaure."

"Rakiya ya yi mini. Tukur ɗin da kika zaɓa da mi ya zo? Da itace. Mutane na kai shanu, shi ya kai sandunan lalle ya kafa a bakin gulbi."

"Sun kama."

"Sun kama," in ji Hudu.

Daga bakin gulbi ana jin mata suna bugun wanki. Ruwa ya cika a makon, ya yi ja, yana tafe da karmami. Jakin ya yi atishawa a waje.

Hudu ya ce, "Ba Liman ba ne, ba takaba ba ce. Mi lallen ya yi miki?"

"Ba a yi wa bawa bayani."

"Yi wa jakin, ni zan saurara daga gefe."

Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa har sai da ya matso da kunne jikin asabari.

"Daga masallaci lambu yake wucewa. In zai shigo, ƙamshin ke riga shi. Kafin in ji tarinsa, kafin sallama, na riga na sani. Sai in tashi in dama koko." Ta tsaya. "Shekaranjiya na dama. Har na zuba a kwanonsa, na rufe da faifai, na zauna ina jin haushin ya daɗe."

Hudu ya ɗauki tsinke a ƙasa.

"Na toshe tagar, yana biyowa ta ƙofa. Kullum da asuba sai an ce mini ga shi nan, kullum ƙarya. Na gaji da a yi mini ƙarya, Hudu. Taka ma ta ishe ni."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana jan layi da tsinke.

"Ni ma yau da na cika mangala na ce, Malam, kama can. Na tsaya riƙe da gefe guda kamar wawa."

"Ba kamar ba."

"To. Na tsaya riƙe da gefe guda, wawa. Jakin ya juyo yana kallona."

"Wa ya kama maka?"

"Babu. Na jingina da kututture na tura da kafaɗa. Ya zube sau ɗaya."

"Dama ba ka taɓa iya ɗaurin kaya ba."

"Shi ma haka yake cewa. Da bakinki yake magana, na lura, shekara da shekaru."

Ta ja hanci. Ya yi kamar bai ji ba.

"Kin san abin da Bilya zai yi da wurin? Maƙwabcinku Mahmuda zai ba aro ya zuba albasa. Sai ki riƙa tashi da asuba albasa na yi miki sallama."

"Albasa ba ta yi mini alkawarin kowa."

"Gaskiya ne. Amma bari bawa ya yi tambaya."

"Yau ka amsa?"

"Na yau kaɗai, kada ki saba. Rigunansa ina suke?"

"An yi sadaka."

"Buzunsa da allonsa?"

"Bilya ya ɗauka."

"To ran da kika fita takaba, kika wanke kai, kika nemi wani abu da ke warinsa, ina za ki?"

"Ƙamshi."

"Wari. Ni na sha tafiya a bayansa da rana tsaka."

"Bakinka ya bushe."

"Amin, bayan naki. Ina za ki, na ce? Yanzu zafi yake miki, ban musa ba. Amma gatari ba ya jiran ki huce. In aka tone saiwar, ko kin yi kuka har gulbin nan ya ƙara cika, albasa za ki tarar."

"Wa ya ce zan yi kuka?"

"Babu. Ke da ko ran da aka haife ki ungozoma ce ta yi kukan."

Wani sauti ya fito daga ɗakin, gajere. Ba za a rantse dariya ce ba. Daga nan sai motsin tabarma, da ƙarar tsumma ana zare shi daga taga. Haske ya faɗo ta ƙarƙashin asabari.

Ta daɗe tsaye a wurin. 

Can ta ce, "Ba zan taɓa shi ba."

"Ban ce ki taɓa ba."

"Ka ɗaure damƙin da zare, ka rataye a zaure, a ƙusar da yake rataye malafa. In ya bushe ba ya rasa ƙamshi. Zai jira ni."

"An karɓa ke nan?"

"An karɓa. Kwashe sauran ka tafi kafin rana ta dafa shi, kada matar alƙali ta fasa ɗaure ka don tausayi. In ka shiga Dutsin-Ma ka biya asibiti, ka ce wa Bilya ya sallami masu gatari."

"In ya ce don mi?"

"Ka ce uwarsa ta ce. In ya ƙara tambaya ka ce ya zo ya yi ta a gabana."

Hudu ya dafa bango zai miƙe, sai wani abu ya turo ta ƙarƙashin asabari ya tsaya a gaban ƙafarsa. 'Yar wuƙa ce, ƙotar ta yi baƙi don riƙo, bakin ya sirance don wasawa. A wurinmu mai takaba ba ta rabuwa da wuƙa, dare da rana tana gefenta. Wadda Sauda ta riƙe ita ce wadda Tukur ke yankan fure da ita.

"Ka bar fizgar reshe da hannu kamar biri a gonar dawa. Ya sha gaya maka."

Hudu bai ɗauka ba. "Wannan kayan gado ne, ɗiyar kawu. Ba a raba ba."

"Gadon wa? Tawa ce, cikin kayan ɗakina ta zo. Shekarar da lallen ya fara fure ya ce in ara masa, yanzu zai maido."

"Ke da mi za ki riƙe?"

"Ta yankan kuɓewa tana nan. Aljanin da ya ga fuskata a haka ma ba sai na nuna masa wuƙa ba."

"Kin riga ni faɗa."

Ya ɗauka, ya juya ta a tafin hannu, ya goga bakin a hannun riga ko da yake babu abin gogewa.

"Ba kyauta ba ce," in ji Sauda. "Bawa ba ya mallaka. Aro na ba ka."

Hudu ya soke ta a ɗamara, ya share fuska da gefen rawani.

"Yanzu zan maido," ya ce.

A nan ta yi dariyar, ta gaske, har da tari. Bai tsaya jin yadda ta ƙare ba. Ya wuce zaure yana neman zare.