Yadda Na Ƙulla wa Fara Zumunci da Kyankyaso

Ko tsufa ya sa na manta sunan kakana, ba na jin zan manta la'asar ɗin da na je gaida gwaggon Yagana a unguwar Mafoni.

Lokacin an rufe makarantu a Maiduguri, tamu ma ta koma sansanin 'yan gudun hijira. Ni kuwa malamin ilimin halittu ne, dabbobi na karanta a jami'a. Ga karatu cike da ciki, ga babu ɗalibin da zan juye wa. Malami in ya rasa aji, duk wanda ya yi masa sallama ya shiga uku. Mai keke ya sha darasi a hannuna, wanzamina ma ya sha. Sojan da ke shingen bincike ne kaɗai ya tsira (shi ma albarkacin bindiga).

Yagana ce yarinyar da nake nema da aure. Iyayenta ba su ƙi ni ba, amma a gidansu na Barebari maganar auren 'ya sai ta bi ta bakin bawa, wato 'yar'uwar uba. In ta girgiza kai, magana ta mutu. Bawar Yagana, Ya Kaltum, babbar 'yar kasuwar kifin banda ce a Baga, motoci take lodawa a da. Da masu bindiga suka faɗa wa garin, ta tsira da zanin jikinta, ta sauka gidan ƙanenta, mahaifin Yagana. Ta ce ba za ta zauna ana ciyar da ita ba, sai ta kafa kasko a ƙofar gida tana suyar fara.

Yagana ta karanta mini dokoki: in durƙusa, in sunkuyar da kai, kome aka ce in ce to. Har na juya zan tafi ta sake kirana.

"Don Allah kada ka yi bayanin komai," in ji ta.

Na ji haushi. Ni yaro ne?

Ba a zuwa gaida suruka hannu rabbana, don haka na leƙa kasuwar Baga Road. Tebura duk wayam, kifi ya daina zuwa daga tafki, ɗan abin da ya rage kuwa ba wanda zan miƙa wa matar da ta tsufa a cikin banda ba ne. Sai dabara ta zo mini. Na je shagon wani Ibo na cika leda da karafish, ina yaba wa kaina hikima.

Na iso cikin sabuwar shadda, na kafa hulata zanna bukar. Mata sun kewaye kaskon da kwanoninsu, ƙamshin mai da yaji ya cika layin. Na durƙusa, na yi wushe-wushe ɗina irin gaisuwar Barebari, ta amsa ba yabo ba fallasa. Har nan dai ban yi laifi ba. Ta buɗe ledar, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗaga sama, ta duba gashin bakinta da 'yan ƙafafunta.

"Ɗana, wannan kifi ne ko ƙwaro?"

Jama'a, ku yi mini adalci. Wata da watanni ba wanda ya yi mini tambaya, sai ga tambaya har gida, kuma a fagena. Na ɗago kai. Na ce ai ba kifi ba ne, hasali ma ƙananan jatan lande ne aka busar, sunan ne kawai aka ara masa. Na karyi tsinke na zana bishiya a ƙasa. Ga reshen masu ƙafa goma, na ce, nan jatan lande yake tare da ƙaguwa. Ga maƙwabcinsu kiril, wasu 'yan mitsi-mitsi da manyan dabbobin teku ke kwasa da baki. Duk ɓawo ne a waje, nama a ciki, ƙafa gaɓa-gaɓa. Matan suka zuba mini ido, ni kuma na ɗauka daɗin karatu ne ya kama su. Ta bayan labulen zaure na hango Yagana tana yarfe hannu, na zaci kirari take mini.

Da nan na tsaya da na tsira. Amma akwai sabon binciken da nake ji da shi, cewa ƙwarin tudu ma daga cikin wannan zuri'a suka fito. Na ja wani reshe, na nuna kaskon da tsinkena.

"Kin ga farar nan da kike soyawa, Ya Kaltum? 'Yar'uwar karafish ce ta nesa. Ta kusa kuwa, ai ita da kyankyaso 'yan ɗaki ɗaya ne."

Matar da ke gaba ta leƙa kwanonta, ta yamutsa fuska, ta juye farar cikin farantin Ya Kaltum a hankali. Ta bayanta ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kafin in ajiye tsinken, rabin layin ya watse, wata na cewa dama ita tun tuni ƙafafun nan ba su kwanta mata ba.

Ya Kaltum ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi kashe ni. Ta ce ta bar gida da rumbuna a Baga, masu bindiga ba su bar mata komai ba sai hannunta, ga shi yau mai tsinke ya zo ƙarasa sauran. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina, na kuma ji tausayinta, ga tsoron Yagana ta kuɓuce mini. Ta turo mini farantin gabana.

"Kai ka kore su da bakinka. Dawo da su da shi."

Suruki ba ya cin abinci gaban surukai, balle a bakin titi. Kuma ni da aka haifa a garin nan ban taɓa sa fara a baki ba, tsabar iyayi. Haka na zauna a kan benci da shaddata ina damƙa ina taunawa, ina gyaɗa wa masu wucewa kai alamar daɗi. Da daɗin kuwa, ba ƙarya. Matan suka soma dawowa, wasu don saye, yawanci don kallo.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, jikina ba ya shiri da karafish, in na ci sai ƙuraje. Na kuma sha karantawa cewa mai irin wannan lalura ya yi hattara da fara, saboda zumuncin nan dai da na gama zanawa. Ban kai ƙarshen farantin ba na ji leɓena ya yi nauyi. Nan da nan ya kumbura ya zama kamar masa biyu, ido ya shige ciki. Ga hujjar karatuna ta fito ɓaro-ɓaro a fuskata, ina so in ce kun gani ko, amma bakin ya ƙi buɗuwa.

Ya Kaltum ta daɗe tana kallona, sannan ta juya wajen labule.

"Yagana, ashe bakin nan yana rufuwa? To ku kai shi kemis. Ki ce wa ubanki na yarda. Mutumin da zai ci abin da zai kashe shi don kunya, da sauran mutunci a jikinsa."

An yi aure. Har yanzu ina kan bakana cewa fara da kyankyaso dangi ne, kuma a aji ina faɗa da ƙarfi. Na dai gane cewa ko a cikin mutane ba kowane ɗan'uwa ake ambata a gaban baƙi ba. Duk wanda ya tambaye ni a gidan surukai ko abu kifi ne ko ƙwaro, sai in sunkuyar da kai in ce Allah ne masani.