Rigar Baba a Cikin Injin Wanki

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanen matata ba, kuma ko na so mantawar, mutanen Aliero ba za su bari ba. Har yau in na shiga garin sai wani ya ɗago hannu daga cikin tulin albasa ya ce, "Malam, ya inji?" Ni da shi duk mun san ba lafiyar injin ce ta dame shi ba.

Lokacin jihar Kebbi ba ta jima da samuwa ba, ina koyarwa a wata sakandare a Jega, ina kuma ji da kaina ƙwarai. Na yi karatu a Sakkwato, ina da babur, ina sa tabarau (idona lafiya lau yake, in faɗa muku gaskiya). Abin da ya ƙarasa kumbura mini kai shi ne injin wanki. Wani ɗan unguwarmu mai shigo da gwanjo daga Kwatano ne ya kawo shi, fari, mai zagayayyar ƙofar gilashi a gaba da ɗan allo mai nuna jajayen lambobi. Na ɗora tanki a kan ƙarfe, na ja masa tiyo, na girke shi a baranda daidai inda duk mai shigowa sai ya gan shi. Na kuma kafa doka cewa ban da ni kada wanda ya taɓa shi.

Akwai wata dokar da ta riga wannan. Matata Luba 'yar Aliero ce, ɗiyar manomin albasa, kuma tun tana amarya uwarta ke aiko mata da gabu, wato ganyen albasar nan da ake dakawa a dunƙula a shanya don miya. Ni kuwa na ce sam. Na ce gidan ma'aikacin gwamnati bai kamata baƙo ya shigo ya ji yana warin gabu ba. Da bakina na faɗa, ina gyara zaman tabarau. Luba ta dube ni ta ce, "To, Malam." Daga ranar ban sake ganin gabu a gidana ba, na riƙa yaba wa kaina cewa na iya riƙon gida.

Surukina, da muke kira Baba, dogon dattijo ne marar yawan magana. Da suka je Maiyama neman wa ɗansa aure, wani kawun yarinyar, tsohon ma'aikaci mai bakin tsiya, ya tare su a ƙofar zaure ya ce, "Tun ba ku yi sallama ba hancinmu ya hwaɗa muna Aliero ta iso." Aka yi dariya, Baba ma ya yi. Amma Luba ta ce mini maganar ta soke shi. Mutumin da ya ciyar da gida guda da albasa, ya je Makka da albasa, a ce yau ita za a goranta masa a gaban surukai. Saboda haka ya sayi farar shadda a kasuwar Jega, ya ba tela a nan Jega, ya ce in an gama a kawo gidana. Rigar ba za ta taka Aliero ba. Ranar ɗaurin aure zai biyo ta wurina ya sa, tunda dama hanyar Maiyama ta kanmu take, ya isa fes. Abin da dattijon yake so ke nan, yini ɗaya tak da ba wanda zai shinshine shi.

Aikina bai wuce in rataye riga ba. Ku riƙe wannan da kyau.

Luba ta wuce Aliero tun tsakiyar mako don hidimar mata, ta bar ni ni kaɗai. Unguwarmu kuma ta yi watanni ba wuta, taransifoma ta ƙone, injin yana zaune an lulluɓe shi da zane. Ranar Asabar da hantsi ina karyawa sai na ji fanka ta motsa. An kawo wuta! Na tashi ina zagaye gidan ina neman abin da zan kunna, sai idona ya faɗa kan rigar Baba. Na ɗauko ta ina duba aikin wuyan, can na hango wani ɗigon goro da tela ya bari a gefen aljihu. Ɗigon bai kai ƙwayar gero ba. Sai da na kai rigar bakin taga kafin in sake gano inda yake.

Mai hankali zai sa yatsa a ruwa ya goge. Ni kuwa sai na hango kaina a Maiyama, Baba yana ce wa jama'a, "Surukina ya wanke min ita da inji." Na yi lissafi irin na malamin makaranta: ranar bazara ce, kafin azahar ta bushe an goge. Ga tsoron kada a ɗauke wutar. Na yaye zanen, na buɗe ƙofa, na cusa rigar da wandonta ba tare da na ko leƙa ciki ba, na zuba garin sabulu, na danna. Na jawo kujera na zauna a gaban gilashin kamar mai kallon talabijin.

Da farko komai daidai, farin kumfa yana juyawa. Can sai na ga kumfar ta soma sauya launi. Na cire tabarau na goge na mayar. Ta koma ruwan ƙasa, daga nan ta koma wani kore-kore mai duhu, ga wasu baƙaƙen abubuwa suna bin gilashin. Na ce a raina ruwan tankin ne ya daɗe. Ina cikin lallashin kaina injin ya yi wani gurnani, ya yi shiru, ya soma ƙara ƙit, ƙit, ƙit. A ɗan allon ga harafin E da wata lamba suna walƙiya.

Na ja ƙofa, ta ƙi. Na sake ja da hannu biyu, ko motsi. Ashe irin wannan injin in da ruwa a cikinsa ba ya sakin ƙofa ko za ka mutu. Na kashe na kunna, lambar ta dawo. Na zare fulogi na ƙirga abin da ya sawwaƙa na mayar, ta dawo. Na hau kan tanki na leƙa, ruwa garau. Na cire tiyon da ke fitar da ruwa na hura shi har kunnena ya toshe. Na mari injin a gefe, na mare shi a ka, na yi masa magana mai daɗi, na zagi wanda ya sayar mini da shi har da mutanen Kwatano baki ɗaya. Zufa ta sa na tuɓe, daga ni sai singileti da gajeren wando.

Sai na tuna da ɗan littafin da ya zo da shi. Na ɗauko, ashe da Faransanci yake (ni da na sha gaya wa maƙwabta na karance shi tas). Allah ya taimake ni akwai zane. Na bi da yatsa har na ga lambar tawa, kusa da ita an zana wata 'yar ƙofa a can ƙasan injin, da marfi mai murɗawa a ciki. Na fahimci ruwa ne ya kasa fita, wani abu ya toshe hanya, sai an buɗe nan an cire. A gefen zanen akwai hoton faranti an tara a ƙarƙashin marfin. Na gan shi, na ce wannan ƙa'idar Turawa ce kawai.

Na kwanta rub da ciki a kan siminti, na ɓalle 'yar ƙofar da cokali, na kama marfin. Ya ƙi murɗuwa. Ina nishi ina kokawa da shi, ban ji tsayuwar akori-kura a waje ba. Sallama kawai na ji a kaina.

Na ɗago. Baba ne, da ƙanensa Baffa Umaru, da wasu dattawa a bayansu, duk sun tuɓe takalma a bakin baranda sun tako. Ku da kuka san kunyar suruki, ku auna. Mutumin da ban taɓa yarda ya gan ni ba hula ba, yau ga ni kwance a gabansa, cinyoyi a waje. Na rasa ko in durƙusa ko in gudu. Na yi yunƙurin tashi in gaishe su, hannuna bai saki marfin ba, kuma a daidai wannan lokacin ɗan banzan ya ga damar murɗuwa.

Jama'a, ban san injin nan yana cin ruwa haka ba. Ya fito da ƙarfi ya watsa mini a fuska da ƙirji, ya malala ya bi ƙafafun dattawa, ya cika takalmansu. Mai ɗumi, mai kauri, kore-baƙi. Warin kuwa bai bar wa kowa tambaya ba. Baffa Umaru ya sunkuya ya lakato abin da ya fito tare da marfin, ya murza a yatsa.

"Gabu na," ya ce. "Malam, miya kaka dahwawa cikin injin?"

Injin ya yi ƙas, ƙofar ta saki don kanta, yanzu da ba wanda ya roƙe ta. Baffa ya leƙa ya ce, "Wane tsumma na wanga kuma?" Ya jawo. Tsumman ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, har aikin wuyan ya bayyana. A bayansa wani tsohon ɗankwali ya faɗo, ƙullinsa ya kwance, da sauran gabun da bai gama narkewa ba. Na san ɗankwalin, na Luba ne.

Baba ya daɗe yana kallon rigarsa. Ban taɓa jin tausayin mutum da kunyarsa sun haɗu sun danne ni irin na ranar ba. Na ce, "Baba, walle ban san da shi ciki ba. Ban san mi yak kawo gabu cikin inji ba."

"Ni na sani," ya ce a hankali. "Ɗiyata tac ce ma uwarta mijinta bai son warin gabu gidanai. Uwar tac ce ta biɗi wurin da wari bai hita. Ga shi ta samu."

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ashe duk shekarun nan da nake zuwa ina durƙusawa a gabansa, ana cika mini bayan babur da albasa, ya san abin da na ce game da warin gidansa, bai taɓa nuna mini ba. Kawun Maiyama ya faɗa sau ɗaya a zaure, da wasa. Ni na mayar da ita doka.

Na ce zan ari riga a maƙwabta, na ce ya sa tawa (tawa da kyar za ta rufe masa gwiwa). Ya girgiza kai ya ce, "Injin ya gyaru?" Na ce da alama. Ya ce, "To kwashe dattin, ka maida ta ya ɗauraye." Na ƙwaƙule ramin da yatsa, na wanke marfin na mayar, na kunna. Lambar ta ɓace, injin ya yi aikinsa lafiya lau kamar ba shi ba. Rigar ta fito ruwan shayi mai madara, ko'ina daidai, sai ka rantse haka aka sayo ta. Rana ta busar, na goge da hannuna ina ɗigar zufa. Warin ya ragu, amma yana nan. Baba ya sa, ya gyara hula, ya ce in shiga mota.

Mun isa Maiyama a makare. Kawun nan yana bakin zaure kamar an dasa shi. Ya miƙo hannu, ya ja hanci, na ga bakinsa ya fara shirin magana. Baba ya riga shi.

"Yau kada ka ɗora ma Aliero," ya ce, ya kamo hannuna ya jawo ni gaba. "Wanga wari na Jega na. Ga mai shi nan, malamin makaranta. Da injin Turawa yas sa min shi, ba kowa ka samun irinai ba."

Baffa Umaru ya karɓe labarin daga nan, har da kwaikwayon yadda na kwanta. Zaure ya ruɗe da dariya, liman yana share hawaye da gefen rawani. Kawun ya yi dariya har ya manta abin da ya so faɗa. Ni kuwa ina tsugune ina ƙirga zaren tabarma. Amma na saci kallon Baba, na gan shi zaune daram a tsakiyar surukansa yana murmushi, ya baza rigar nan a kan gwiwoyinsa. An ɗaura aure lafiya, ba wanda ya sake shinshinar kowa.

Da na ga Luba washegari na shirya faɗa, na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Kai kac ce kada a taɓa inji, kai kac ce kada ka ga gabu. Da na hwaɗa maka da na karya doka biyu." Na ce to me take yi da shi tunda na hana? Ta ce, "Miyar da kaka cewa ba wadda ta kai ni iyawa, da mi kaka tsammani?" Na ɗauki tabarauna na fita.

Abin da na koya ba shi da yawa. In injin wanki ya nuna lamba, a tara faranti kafin a murɗa marfin ƙasa, a kuma leƙa ciki kafin a zuba kayan mutane. In kuma ka auri ɗiyar manomin albasa, ka bar hancinka ya zauna lafiya. Yanzu gabu a buɗe yake a madafinmu, cikin kwano, inda kowa zai gani. Baba kuwa ya riƙa sa rigar nan kowace Juma'a har ta tsufa, kuma bai sake ba ni ajiyar ko hula ba.