Rasuwar Katin Bashin Neville Thackray

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Neville Thackray, direban motar ɗaga kaya a wata ma'ajiya da ke Doncaster, yake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar katin bashinsa mai launin shuɗi. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin kicin, yana da shekara goma sha ɗaya. Uwargida Bev ce ta raka shi lahira da almakashin yanka kaza, kuma babu wanda ya riƙe hannunta.

Marigayin mai rufin asiri ne. Shi ya tsaya wa gidan nan a watan Janairun da injin ɗumama ɗaki ya mutu. Shi ya sayi furannin jana'izar mahaifiyar Neville, da kowane takalmin makaranta da 'yarsu Keeley ta taka. Ba shi da surutu. Kalma ɗaya ya sani, "tit", in an kara shi a na'urar kanti, kuma a kunnen Neville babu kalmar da ta fi ta daɗi.

Ciwon ajalinsa ya soma ne shekara shida da suka wuce, a wajen wani bikin suna. Kafin nan Neville yakan biya katin tas duk ƙarshen wata. Sai Dougie, yayan Bev, ya dafa kafaɗarsa, kofi a hannu, ya ce, "Nev, kai fa ƙauyanci ya yi maka yawa. Wa ya ce maka ana biya duka? In ka biya tas, ai ba su san kana duniya ba. Bar musu ɗan wani abu duk wata, ka ga yadda makinka zai hau."

Makin da yake nufi shi ne wanda ake dubawa kafin a ba mutum rance ko haya. Neville ya bar makaranta yana ɗan shekara sha shida, Dougie kuwa ya taɓa sayar da wayoyi har da ɗaura laktaye. Saboda haka Neville ya yarda. Da gangan ya riƙa barin fam ɗari biyu a kan katin, yana biyan mafi ƙarancin abin da aka nema, yana jin kansa mai dabara. Kuɗin ruwa ya hau. Aka rage masa awannin aiki, wata guda ma biyan ya wuce shi. Kafin ya farga, katin da iyakarsa fam dubu huɗu yana ɗauke da dubu uku da ɗari takwas da saba'in. A bara katin ya fara cewa "tit-tit" yana ƙin biya a gaban layin jama'a, amma Neville ya ɗauka gajiya ce.

Ranar Litinin aka gano cutar. Keeley ta samu gurbin karatun aikin jinya a Newcastle, ita ce ta farko a dangi da ta kai wannan mataki. Ta samu ɗaki, sai dai dillalin gidan ya ce lalle wani babba ya tsaya mata kan kuɗin haya. Neville ya sa hannu da alfahari. Da rana aka bugo waya, aka ce an duba makinsa, bai isa ya tsaya wa kowa ba.

Ya garzaya wurin wata mata mai ba da shawara kan bashi. Ta duba takardun, ta cire tabarau, ta ce, "Bawan Allah, wa ya koya maka wannan? Su abin da suke gani kawai, mutum ya cika katinsa har wuya. Biyan da kake yi tas a da, shi ne daidai." Ta ce makin zai farfaɗo, amma sai an yi watanni. Dillali kuwa ya ce zuwa Juma'a da sha biyun rana, in babu wani, zai ba wata ɗakin.

Marigayin ya bar bashin da aka ambata, da kuɗin ruwa masu ƙoshin lafiya, da injin wanki da ya riga ya lalace ba a gama biyansa ba. Ya bar Bev, wadda ta daina amsa wayar yayanta. Dougie ya aiko da ta'aziyya. Da aka roƙe shi ya tsaya wa yarinyar, sai ya ce ai shi nasa katin shekara huɗu ke nan da aka karɓe. Ya kuma bar Keeley, wadda ta ce, "Ba komai, Baba, sai na jira baɗi," alhali zanen gadon da ta saya yana nan a ninke bakin ƙofar ɗakinta. Neville ba ya iya wucewa ta wurin.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da bakwai na safe, lokacin da motar shara za ta zo. Gawar na cikin baƙin kwandon shara, an yanka ta gida huɗu. Za a karɓi gaisuwa a falo, akwai shayi. Iyalan sun roƙi kada a kawo furanni, kada kuma a kawo shawara. Amma duk mai aiki tsayayye da maki mai kyau, ko da sau ɗaya ya taɓa ganin Keeley, a taimaka a zo kafin Juma'a. Yarinya ce mai tsabta, ba ta taɓa fasa ko kofi ba. Neville zai kasance a bakin ƙofa da takardar dillalin, da biro biyu.